Ranar da Na Auna Tauraro da Igiyar Rijiya

Shekara goma sha biyar na yi ina magana a gaban mikoro, amma ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Laraba a watan Mayu na 2014, lokacin da na tsaya a bakin korin Gidan Alu, rafin nan da sai da damina yake ruwa, da igiyar rijiya a hannuna, gari guda ya zuba mini ido yana jiran ya ga ko ƙarya nake yi. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun sha jin ana tsokanata da "Dije mai tauraro". To ga asalin sunan daga bakina, kafin masu ƙarin gishiri su ba ku nasu.

A lokacin shekarata ta biyar ke nan a rediyonmu na karkara, kuma ni ke riƙe da shirin manoma na ranar Juma'a bayan la'asar. Minti talatin ne: ashirin na maganar iri da taki da ƙwari, goman ƙarshe kuma na labaran ilimi daga duniya. Yadda muke aiki shi ne, in rezo ya samu, wato intanet ta kawo, Direkta ya buga mana labaran Faransanci a takarda, kowa ya ɗauki nasa ya juya shi da Hausa a bayan takardar. Muna da wata muguwar al'ada da muka gada daga na gaba da mu: in ka ci karo da layin da ya fi ƙarfinka, ka tsallake shi ka wuce. Ba wanda ke bin sawunka, ba mai sauraron da ke riƙe da Faransancin.

Labarin da ya faɗo hannuna a ranar na wani abu ne da masana sararin sama suka gano. Faransancin ya kira shi wadan tauraro mai ruwan ƙasa, wato abin da ya girmi duniyoyi irin tamu amma bai kai ya kama wuta kamar rana ba. Wannan kuwa shi ne mafi sanyi da aka taɓa samu a irinsu, ya fi ƙanƙara sanyi. Ido ba ya ganinsa, sai da wani madubi da aka harba sama, mai ganin ɗan ɗumin da abu ke fitarwa. Labarin ya burge ni. Na juya shi tsaf har na iso layin da ya faɗi nisansa, inda aka haɗa shekara da haske a wuri ɗaya. Na karanta sau uku ban gane yadda shekara za ta zama ma'aunin nisa ba, ga lokaci yana tafiya, sai na ja masa layi na wuce.

Abin da ya fita a rediyo ke nan: an gano tauraro mai sanyi fiye da ƙanƙara, yana cikin maƙwabtan rana mafi kusa, kuma an lura yana tafiya da sauri. Kowace kalma gaskiya ce. Na rufe shirin ina jin daɗin kaina, na tafi gida.

Ni 'yar Adar ce, ya kamata a ce na san wa nake yi wa magana. Manomanmu ba su ɗauki tauraro abin kallo ba, da shi suke lissafin damina. In Kaza da 'ya'yanta ta ɓace a yamma, sai a fara ƙidayar kwanaki, a fito da sungumi a yi binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. A irin wannan lokaci na shiga gidajen mutane na ce musu wani abu mai sanyi yana gudu kusa da rana.

Kwana goma bayan haka Direkta ya kira ni buro, wato ofishinsa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, in ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur to ka san ta ɓaci. Na shiga na tarar da tabarau a kan tebur.

Ya ce, "Madam Dije, magajin gari ya kira ni. Mutanen Gidan Alu sun ƙi yin binne. Mata suna kiran mazansu da ke biɗar kuɗi Abijan da Libiya suna ce musu kar su komo, bana babu damina. Har an hwara daka iri ana ci. Sun ce ke kinka hwaɗi a rediyo."

Na ce ni ban ce babu damina ba. Ya miƙo mini takardar, ya ɗora yatsa a kan layin da na tsallake. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ce zan gyara a shirin Juma'a. Ya ce gyaran baki ba zai yi ba, domin tsohon da ke yi wa garin lissafin taurari, Baba Abarshi, ya rantse ba zai ba da ranar shuka ba sai an gamsar da shi, kuma garin ba ya taɓa sungumi sai ya yi magana. Ya ba ni rakoda, ya ce in kawo muryar tsohon kafin Juma'a. In ban kawo ba, za a karɓe shirin daga hannuna, in koma karanta sanarwar biki da rasuwa.

Shirin nan ni na gina shi da hannuna, gona-gona na bi da ƙafa kafin manoma su yarda su riƙa yi mini magana. Na ji tsoron rasa shi ƙwarai. Amma abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne irin da ake dakawa, domin na san wanda ya ci irinsa a watan Mayu ba ya samun wani.

Daga buro na zarce kwaleji wajen malamin kimiyya, Mushe Amadu, yadda muke kiran malaman boko da Faransanci. Na tarar da shi yana gyaran takardun ɗalibai a gindin dalbejiya. Ya yi mini dariya son ransa, sannan ya zaunar da ni. Ya ce hasken rana minti takwas yake yi kafin ya iso mu, shi kuwa wannan abu, haske sai ya yi shekara bakwai da ɗoriya yana gudu kafin ya ratsa tsakaninmu da shi. An ce yana kusa ne don sauran sun fi shi nisa, shi ne na huɗu in ana lissafin maƙwabtan rana. Na ce to ta yaya aka san nisan tunda ba wanda ya je? Ya ce in miƙa hannu in ɗaga babban yatsa, in rufe ido ɗaya, sannan in sauya. Yatsan ya yi tsalle. Ya ce abin da ke kusa tsallensa babba ne, na nesa ƙarami, kuma daga girman tsallen ake fitar da nisa. Daga nan ya ɗauko turaku da sanda, muka yi ta auna nisan bangon makaranta har na iya yi ba tare da ya sa baki ba. Na roƙe shi ya raka ni. Ya ce yana da jarrabawa, kuma ai ba muryarsa suka ji a rediyo ba.

Laraba da hantsi ɗan kabu-kabu ya sauke ni a Gidan Alu, can tsakanin Buza da Babankatami, inda hanya ke gangarawa cikin duwatsu. Labari ya riga ni. Maza sun cika ƙofar maigari, mata sun jeru a bayan darni. Baba Abarshi yana zaune a kan buzu, siririn tsoho mai ido kamar na shaho. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, ya sa aka kawo mini ruwa. Sai da na sha sannan ya fara.

"Ɗiyata, ke ta mai rediyo?"

"Ni ta, Baba."

"Kin ce tauraro mai sanyi shina kusa ga rana. Yanzu kuma an ce kin zaka ki ce shina nesa. Wace za mu ɗauka?"

Na ce laifina ne, akwai layin da na tsallake saboda ban gane shi ba. Wurin ya ɗan yi guna-guni, don ba su saba jin ma'aikaci ya ce bai gane ba. Na kawo musu maganar minti takwas da shekara bakwai. Tsoho ya saurara har na gama, yana jan carbi.

Ya ce, "Na ji. Amma ni gona nika rabawa tun ba a haihe ki ba, kuma ban taɓa hwaɗin tsawon abin da ban ja ma igiya ba. Wa ya ja igiya har can?"

Na ce ba wanda ya ja. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna wa jama'a, kamar ya ce kun ji ko. Aka yi dariya. A nan ne na ji wani abu ya taso mini, domin ni ba a yi mini dariya in yi shiru. Na ce, "Baba, nuna mini duk abin da kake so a ƙetaren kori. Zan hwaɗa maka nisanai ban taka can ba. In na yi kuskure, ban ƙara buɗe baki a rediyo."

Ban san lokacin da rantsuwar ta fita ba. Direkta sanarwar biki kawai ya ce zai mayar da ni, ni kuma na je na ɗora aikin gaba ɗaya a kan igiya.

Garin ya ɗunguma zuwa bakin kori. Ruwa bai sauka ba tukuna, yashi ne fari fat da duwatsu. Baba ya nuna wani gawo da ke tsaye shi kaɗai a ɗaya gaɓar. Aka kawo igiyoyin rijiya uku aka ƙulla su, kun san zurfin rijiyoyinmu, igiya ba ta ƙaranci a Adar. Na ɗaure gyalena a ƙugu na fara. Na kafa turke daidai saitin gawon. Na bi gefen kori na auna gaba ashirin da igiya, kowace gaba buɗin hannuwana biyu, na kafa doguwar sanda. Na ƙara gaba biyar a kan layin, na kafa turke na biyu. Daga nan na ba kori baya na yi ta tafiya ina waige, har na iso inda sandar ta rufe mini gawon ɗaf. Na auna daga wurin zuwa turke na biyu, gaba goma sha ɗaya. Tunda ashirin ta ninka biyar sau huɗu, sha ɗayan ma sau huɗu za a ninka ta.

Na ɗaga murya yadda matan da ke can baya za su ji, na ce, "Gaba arba'in da huɗu."

Baba ya ce a ja. Wanda ya ja shi ne Iro mai haƙar rijiya, wani ƙaton mutum da sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ya ɗaure bakin igiya a turke na farko, ya ratsa yashi har gindin gawo, ya ƙulla alama, ya dawo. Sannan ya tsaya a tsakiyar jama'a ya fara aunawa, yana buɗe hannuwa yana ƙirga da ƙarfi, mutane suna amsawa. Talatin. Talatin da biyar. Ina kallon abin da ya rage na igiya a ƙasa, ina ganin ba zai kai ba. A talatin da bakwai alama ta iso hannunsa.

Wurin ya kaure. Wani ya yi wa boko ba'a, ya ce, "Ga ilimin lakwal nan!" Wata daga cikin mata ta ce gara da ta daka irinta. Ni kuwa na sake lissafin a raina, sha ɗaya sau huɗu, bai canza ba. Na tsaya ina tunanin abin da zan ce wa Direkta, da yadda zan wuce ta kasuwar Buza bayan yau.

Baba Abarshi bai yi dariya ba. Ya dubi Iro, ya dube ni, ya sake duban Iro. Sannan ya ɗaga sandarsa, wuri ya yi tsit.

"Ku dakata. Wa ya auna ashirin ɗin hwarko?"

Aka ce ita.

"Da hannun wa?"

"Da nata."

"To ƙaƙa za a auna tahiya da hannun 'yar guntuwa, a auna komowa da hannun Iro? Ko rabon gado ba a yi haka nan. Iro, ba ta igiya."

Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mutumin nan ya riga ya ci nasara a gaban garinsu. Da ya yi shiru, ba wanda zai ga laifinsa, ni kaina ban gano inda matsalar take ba. Mushe Amadu da mita ya koya mini, ni na mayar da ita gaba don mutane su gane, ban tuna cewa gaba ta kowa daban ba.

Na karɓi igiya. Na fara buɗewa ina ƙirgawa, wannan karon ba mai amsawa. Na wuce talatin da bakwai da sauran igiya a ƙasa. A arba'in na ji wasu sun fara bi na a hankali. Arba'in da uku, arba'in da huɗu, alama ta rage kamu ɗaya ta iso yatsuna. Iro ne ya fara cewa "Allahu akbar", sannan guɗa ta tashi daga wajen mata. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Tsoho bai sake ni nan da nan ba. Muka koma inuwa, ya ce ya ga na tsaya wuri biyu kafin in san nisan gawo, to su masu tauraro ina suka samu wuri na biyu? Na ce, "Baba, taurarin da kake gani da ɗari su ne na damina?" Ya ce a'a, kowane da lokacinsa. Na ce masana sun ce ƙasa ce ke ɗauke da mu tana kewaya rana, in an duba abu yau, bayan wata shida sai a sake dubawa daga ɗaya gefen, a ga ɗan tsallen da ya yi. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce wannan magana ce babba, sai ya yi nazari, Allah shi ne masani. Daga nan ya yi mini tambayar da ban shirya mata ba.

"Yaushe ya zo nan inda shike?"

Na ce bai zo ba, yana can tun da daɗewa, bana ne dai aka samu madubin da ya gan shi.

"Tun zamanin kakana?"

"Tun kahin nan, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo hannu ya ce in kawo abin ɗaukar maganar. Na kunna rakoda na riƙe masa a gaban baki. Na adana kaset ɗin har yau, ga abin da ya ce:

"Ni Abarshi na Gidan Alu ni ka magana. Tauraron ga da anka hwaɗi, munka ci shekarun ƙoshi shina nan, munka ci na yunwa shina nan. Jiya anka gane shi, ba jiya ya zo ba. Abin da ko haskenai sai ya shekara bakwai kahin ya iso mu, ban ga ta inda sanyinai za shi iso ba. Ruwa na hannun Allah. Assabar a hito da sungumi. Wadda ta daka irinta ta zaka gidana."

Ranar Juma'a na sa muryar a farkon shiri, kafin ko gaisuwa. Bayan ta na karanta layin da na tsallake, na faɗi da bakina cewa ni na tsallake shi, na yi bayanin shekarar haske sannu a hankali yadda aka yi mini. Direkta yana tsaye a bayan gilashi har na gama. Da na fito ya ce shirin nawa ne, kuma daga ranar duk wanda ya tsallake layi a gidan nan sai ya zo ya nuna masa layin. Abokan aiki sun yi wata guda suna harara ta saboda wannan doka.

Abin da na koya shi nake so ku riƙe. Layin da ya fi ba ka wuya, sau da yawa shi ne wanda mai sauraro ya fi bukata, don haka ka tashi ka nemi wanda ya sani. Kuma kada wani ya ce muku mutanenmu ba sa son ilimi. Abin da ba sa so shi ne a ce su yarda don kawai rediyo ta faɗa. In ka ba su dama su gwada da hannunsu, za su gwada ka tsakani da Allah, ko da sakamakon zai kayar da nasu.

Ranar Assabar na koma Gidan Alu don in ɗauko sautin shuka. Tun daga gangare na hango su a jere cikin gonaki, maza a gaba suna sara, mata a baya da ƙorai. Ina saukowa daga babur wata mata ta tare ni, ba ta gaishe ni ba. Daga muryarta na gane ita ce wadda ta yi magana a bakin kori. Ta ce rabin irinta ya tafi a turmi, wannan na cikin ƙwarya daga rumbun Baba ya fito, kuma ta kira maigidanta, ya ce yana hanya. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Aje rakodar nan. Ke kinka hana mu, ke za ki hwara."

Ta zuba mini hatsi a tafin hannu. Na cire takalmi, na bi bayan mai sungumi, na jefa iri a rami na farko na rufe da diddige. Ban ɗauko sautin komai ba ranar, sai da muka kai ƙarshen gonar.